Ekogarafi ba ta mata masu ciki kaɗai ba ce

In ka tare mutum goma a kasuwar Maraɗi ko a tashar Damagaram ka tambaye su amfanin ekogarafi, tara za su ce maka ai na'urar nan ce da ake ɗora wa mace mai ciki a ga kwanciyar jariri, ko a ga in tagwaye ne. Na goman kuwa ya yi murmushi ya ce da ita ake gane namiji ne ko mace. Duka gaskiyarsu, don a nan muka san ta. To amma a yau na'urar nan tana shiga ɗakin fiɗa, likita ya ɗora ta bisa ƙwaƙwalwar mutum, yana kallon ƙari yana cire shi. Ra'ayina shi ne, a duk lokacin da magabata suka zauna tsara sayen kayan asibiti, ya kamata wannan na'ura mai sauƙin kuɗi, da hannun da zai riƙe ta, su zo gaba da manyan injunan miliyoyi da ake yanke ƙyalle a gabansu a nuna a telebijin.

Mu ma'aikatan rediyo sauti ne abincinmu, shi ya sa abin yake ba ni dariya in na ji an ce wane ya karye an kai shi an yi mishi "rediyo". Waccan rediyon ta ƙashi babu sauti ko ɗaya a cikinta, haske ne mai ratsa jiki. Wadda take aiki da sauti da gaske ita ce eko. Dubi mace in ta je sayen tulun Mirriya: sai ta ƙwanƙwasa shi ta kasa kunne, daga amon da ya dawo ta san ko yana da tsaga. Hikimar ke nan, ba wata ba. Kunnen ɗan Adam ba ya jin sautin da ya wuce kaɗawa dubu 20 a daƙiƙa ɗaya. Jemage yana wuce nan, da shi yake farauta cikin duhu. Na'urar asibiti kuwa tana fitar da sauti mai kaɗawa miliyoyi a daƙiƙa, ta tura shi cikin jiki, ta saurari amsa-kuwwar da ke dawowa daga tsoka da ruwa da jijiya, kwamfuta ta maida wannan amsa ta zama hoto. A lise an koya mana cewa sauti na tafiyar mita 340 a daƙiƙa cikin iska. Cikin naman jiki yana kaiwa kamar mita 1540. Man nan mai sanyi da ake shafa wa mai ciki, amfaninsa ya kore iskar da ke tsakanin fata da bakin na'urar, domin iska tana maido da sautin baya tun bai shiga ba.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba, ƙwaƙwalwa aka fara nema da wannan dabara tun kafin a je ga mahaifa. Asalin abin daga Faransa ne, a 1880, inda ƴan uwa biyu, Pierre da Jacques Curie, suka gano cewa akwai wani dutse mai sheƙi da in an matsa shi yana fitar da lantarki. Daga baya aka tabbatar in an sa mishi lantarki shi ma yana motsi. A lokacin yaƙin duniya na farko Paul Langevin ya yi amfani da wannan don neman jiragen da ke tafiya ƙarƙashin teku. A 1942 wani likitan jijiyoyi na ƙasar Ostiriya, Karl Dussik, ya buga sakamakon ƙoƙarinsa na ganin cikin kai da sauti. Daga baya masana suka gane cewa hotunan nasa yawanci inuwar kaurin ƙashi ce kawai. A tsakiyar shekarun 1950 Lars Leksell na ƙasar Suwidin ya ɗan ci gaba, ya riƙa gane ko jinin da ya taru bayan rauni ya ture ƙwaƙwalwa gefe guda. Shi kuwa Ian Donald na birnin Gilasgo, wanda ya kai na'urar ga mata a aikinsa na 1958, gwajinsa na farko ya yi shi ne a wata masana'anta, da injin da ake neman tsaga a jikin ƙarfe. Ka ga ke nan tun farko masu ilimin ƙarfe da duwatsu ne suka ba likitoci aron kunne.

Cikin mace ya ba da haɗin kai domin babu ƙashi a gaba, kuma jariri cikin ruwa yake kwance. Kai kuwa ya ƙi. Ƙoƙon kan baligi yana shanye mafi yawan sautin, abin da ya rage kuma ya karkatar da shi. Da sikaner ya fito a Landan a 1971, sai aka jingine maganar ganin ƙwaƙwalwa da sauti, kowa ya bi sabon yayi. Duk labarin da ya biyo baya har zuwa yau, kokowa ce da wannan ƙoƙon kai: ko a bi ta inda babu shi, ko a bi ta inda ba shi da kauri, ko a canza shi da wani abu.

Wurin farko da ƙashi ba ya tare hanya shi ne ɗakin fiɗa, tun da likita ya riga ya ɗaga shi. Kafin a yi wa mutum aikin ƙari a kai ana ɗaukar hoton sikaner ko na IRM, likita ya san inda ƙarin yake. Matsalar ita ce ƙwaƙwalwa taushi gare ta kamar awara, kuma cikin ruwa take. Da an buɗe kai ruwan ya zuba, an fara cire ƙarin, sai ta motsa, wani lokaci fiye da santimita ɗaya. Hoton jiya ya zama kamar kwatancen hanya da aka yi maka da rani ka zo tafiya da damina, gulbi ya ci wani wuri, wani wurin ya cike. Santimita ɗaya a cikin kai kuwa ita ce tsakanin mutum ya tashi yana magana ko ya tashi bebe. Masu hali sun magance wannan ta hanyar shigar da IRM cikin ɗakin fiɗa, kamar yadda aka fara a birnin Boston na Amurka a shekarun 1990. Abu ne mai kyau, amma kuɗinsa miliyoyin dalar Amurka ne (ba dalarmu ta sefa biyar ba), ana gina mishi ɗaki na musamman, kuma kowane hoto sai an tsaida aiki na tsawon lokaci majinyaci na kwance cikin maganin barci.

Eko kuwa tun wajen 1980 likitoci a Shikago suka nuna cewa za a iya sa bakinta cikin rigar roba mai tsabta a ɗora bisa ƙwaƙwalwa, hoto ya fito nan take. Likita ya duba, ya yanka, ya sake dubawa bayan minti biyar, sau goma in ya ga dama, ba tare da an ɗaga majinyaci daga gado ba, kuma babu hasken da ke cutarwa irin na sikaner. Da ita ake ganin ko an bar ragowar ƙari a wani lungu, da ita ake shiryar da allura zuwa ga maruru mai mugunya a cikin ƙwaƙwalwa, da ita ake ganin manyan jijiyoyin jini a kauce musu. Likitocin birnin Trondheim na ƙasar Norwe sun shafe shekaru suna kyautata wannan fasaha, alhali ba talakawa ba ne. A asibitin ciwon daji na Tata da ke Mumbai a Indiya, inda majinyata suka yi yawa kuɗi suka yi kaɗan, sun maida ita kayan aikin yau da kullum, suna kuma koyar da ita. Akwai ma wata wuƙar sauti da ake aiki da ita tun ƙarshen shekarun 1970, bakinta na kaɗawa sama da sau dubu 20 a daƙiƙa, tana farfasa ƙari tana tsotse shi, tana barin jijiyoyin jini masu ƙarfi. Wannan kam tana da tsada, na kawo ta ne don a ga cewa sauti ya daɗe a hannun masu fiɗar kai.

Wani bincike da aka buga a 2018 ya ƙiyasta cewa kowace shekara akwai aikin fiɗar kai da na laka kamar miliyan 5 da ya kamata a yi a duniya ba a yi, kuma ana bukatar ƙarin likitocin wannan fanni sama da dubu 23, mafi yawa a Afirka da kudu maso gabashin Asiya. Mu a nan ba sai an karanto mana lissafi ba. Masu fiɗar kai a ƙasarmu ƴan ƙalilan ne, kuma mutumin Diffa ko na Tanut ya san tsawon hanya. To in Allah ya ba ka likita ɗaya da ya yi shekaru da shekaru yana karatun buɗe kai, me ya fi dacewa, a bar shi yana jiran ranar da za a samu miliyar na IRM a ɗakin fiɗa, ko a sa mishi eko mai kyau a gefensa bana?

Wuri na biyu Allah ne ya bar shi a buɗe: maɗigar jariri. Kowace uwa ta san wurin nan mai taushi da ke bugawa a tsakar kai, wanda ba ya rufewa sai yaro ya kai kamar shekara ɗaya da rabi. Ta nan eko take ganin cikin kan jariri tas, cikin ƴan mintoci, yana kwance a cinyar uwarsa, babu allura babu maganin barci. Nan ne nake so mu daɗe, don nan abin ya fi shafarmu. Duk mun taɓa ganin yaron da kansa ke ta girma ya fi ƙarfin wuyansa, jijiyoyin kan sun fito, idanu sun koma ƙasa kamar rana za ta faɗi. Ruwa ne da ƙwaƙwalwa ke yi kullum ya rasa hanyar fita, ya taru yana matse ta. A gida sai a ce iska ce, ko kambun baka, a yi ta hayaƙi da rubutu da shafe-shafe har wata shida, kafin a yarda a je likita. A lokacin ƙwaƙwalwar ta riga ta zama siririya kamar ɓawon albasa, ko an yi aiki abin da ya lalace ya lalace.

Wani likita Ba'amurke, Benjamin Warf, da ya zauna garin Mbale na ƙasar Uganda daga shekara ta 2000, ya lura cewa kusan kashi 60 cikin 100 na jariran da ake kawo mishi da wannan ciwo, ba da shi aka haife su ba, zazzaɓin ƙwayoyin cuta ne ya kama su a makonnin farko na haihuwa ya toshe hanyar ruwan. Ya kuma inganta wata hanyar aiki da siririn madubi, wadda ke sa yara da yawa ba su bukatar robar nan da ake binnewa daga kai zuwa ciki, wadda in ta toshe a ƙauye sai dai wani ikon Allah. Mu da muke tsakiyar yankin sanƙarau, muke kuma haihuwa da yawa a gida, wa zai ce wannan labari ba namu ba ne? Na'urar da za ta gano ciwon da wuri tana nan a gidajen haihuwa da yawa, ana duba uwa da ita. Abin da ya rage shi ne bakin da ya dace da kan jariri, da ma'aikacin da aka koya wa dubawa, da doka mai cewa duk jaririn da ya yi zazzaɓi mai tsanani ko jijjiga a watansa na farko, a auna kansa da tef a duba maɗigarsa kafin a sallame shi. Tun 2006 ƙasarmu ta ce maganin yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta ne. Kowa ya san yadda kyautar take wahala a aikace, amma in har akwai dubawar da ta cancanci shiga wannan kwando, to wannan ce.

Akwai kuma gefen kai, tsakanin ido da kunne, inda ƙashi ba shi da kauri. A 1982 wani masani ɗan Norwe, Rune Aaslid, ya nuna cewa ta nan za a iya auna gudun jini a manyan jijiyoyin ƙwaƙwalwa. Wannan ya zama rahama ga masu ciwon emasi, wanda ƴan uwanmu na Najeriya ke kira sikila. A cikin yaran da ke da wannan ciwo, kamar ɗaya cikin goma yana samun shanyewar ɓarin jiki kafin ya kai shekara 20 in ba a yi rigakafi ba. Jijiya ce ke ƙuntata sannu a hankali, kuma kamar yadda ruwa ke ƙara gudu in ka matse bakin tiyo, haka jini ke yi. In na'urar ta nuna gudun ya kai santimita 200 a daƙiƙa, an san yaron na bakin rami. Wani babban gwaji da aka buga a Amurka a 1998 ya nuna cewa in ana yi wa irin waɗannan yara ƙarin jini a kai a kai, haɗarin na raguwa da kusan kashi 90 cikin 100.

Za ka ce ina muka ga jinin da za a riƙa ƙara wa yaro kowane wata? Tambaya ce mai kyau, kuma amsarta ba daga Turai ta zo ba, daga Kano da Kaduna ta zo. Likitocin can, tare da abokan aikinsu na jami'ar Vanderbilt, sun duba dubban yara da wannan na'ura, waɗanda aka samu cikin haɗari aka ba su ƙwayar magani mai suna hidroksiyuriya maimakon jini. Sakamakon da aka buga a 2022 ya nuna kaɗan ne ƙwarai a cikinsu suka shanye. Kuma sun horar da ma'aikatan jinya su riƙa yin awon, ba lalle sai babban likita ba. Daga Maraɗi zuwa Kano ba ta kai tafiyar yini ba, harshenmu ɗaya, ciwonmu ɗaya. Muna da cibiyar masu emasi a Yamai, madalla, amma yaron Tasawa da na Magarya da na Madawa ba za su riƙa zuwa Yamai kowace shekara don awon minti talatin ba.

Yanzu bari mu zo ga abin al'ajabi, wanda gidajen rediyon ƙetare suka fi son ba da labarinsa. Kowane yaro ya san in ka tara hasken rana da gilashi wuri ɗaya takarda na kamawa da wuta. Haka ake tara sauti. Tun shekarun 1950 wasu ƴan uwa biyu masu suna Fry a jihar Ilinoy suka gwada ƙona ɗan wuri a can cikin ƙwaƙwalwa da sauti, amma dole sai an cire ƙashi tukuna. Yau akwai wata hula mai bakuna 1024, kowane baki na harba sautinsa, kwamfuta na lissafa kaurin ƙashin mutumin ta gyara lokacin harbin kowane ɗaya, duka su haɗu a wuri ɗaya da bai fi ƙwayar shinkafa ba, zafin ya kai digiri 55 zuwa 60. Majinyaci idonsa biyu, ba a yanka shi ba. Mutumin da hannunsa ke karkarwa har ba ya iya kai kofin shayi baki, sai ya fito yana rubuta sunansa. Hukumar magunguna ta Amurka ta amince da wannan a 2016 don ciwon karkarwa, a 2018 kuma don karkarwar ciwon Parkinson. Sai dai wurin da aka ƙona ya ƙonu ke nan, kuma wasu na fitowa da dindiris a leɓe ko yatsu, ko tangaɗi wajen tafiya.

Akwai ma wanda ya fi wannan. Jijiyoyin ƙwaƙwalwa na da wani shinge da ke hana dafi shiga, amma shi ne kuma ke hana maganin ciwon daji shiga. Masana sun gano cewa in aka sa ƴan ƙananan kumfa cikin jini aka buga musu sauti, sai su yi ta rawa su buɗe shingen na ƴan awoyi, magani ya wuce. An gwada wannan a kan mutum a asibitin Sunnybrook na Toronto a 2015, a Paris kuma Farfesa Alexandre Carpentier ya dasa wata ƴar na'ura a cikin ƙashin kai don wannan aiki, ya buga sakamakon farko a 2016. Gurinsu shi ne mugun ƙarin nan da da wuya mai shi ya wuce shekara biyu. Allah ya ba su sa'a. Amma ina jan kunnen ƴan uwana masu riƙe makirfo: kada mu karanta irin wannan labari mu bar mai saurare da zaton an samu maganin kansar kai. Bincike ne. Kuma ina jan kunnen magabata da babbar murya: hular nan ba ta aiki sai cikin IRM, IRM kuma maganaɗisunsa sai an sanyaya shi da iskar heliyom zuwa digiri 269 ƙasa da sifiri, dare da rana, da kuran da ba ya yankewa. Wanda ya ga watan Agusta na 2023, lokacin da aka katse wutar da ke zuwa mana daga Najeriya, ya san abin da nake nufi. Eko ta tafi-da-gidanka kuwa batiri gare ta, faifan hasken rana ɗaya ya ishe ta.

Inda nake ganin makomarmu ta fi kusa shi ne wajen masu binciken kayan ƙira. Shekaru da dama bakin eko ana yin shi ne da wani tangaran mai haɗin darma, wanda yanka shi da jera shi ke cin kuɗi. Daga baya aka iya ƙera dubban ƴan ganguna ƙanana bisa irin guntun da ke cikin salula. A 2017 aka amince da na'urar Butterfly iQ a Amurka, wadda ake jona wa waya, aka fara sayar da ita ƙasa da dalar Amurka 2000, wato miliyan ɗaya da ƴan kai na sefa, kuɗin babur biyu ko uku. Ba irinta ake sa wa cikin buɗaɗɗen kai ba, wannan na bukatar babbar na'ura mai kaifin hoto. Amma ta nuna inda farashi ya dosa.

Sai kuma maganar faci. Duk wanda ya san asibitocinmu ya san yawan ƴan kabu-kabu da fasinjojinsu da ake kawowa da rauni a kai, ba hular kwano. In ƙwaƙwalwa ta kumbura, wani lokaci dole likita ya cire wani yanki na ƙashi ya ba ta fili, bayan watanni a maida ƙashin ko a yi faci da ƙarfe ko roba. Masu bincike a Amurka, musamman a asibitin Johns Hopkins, suka ce tun da za a yi facin, me zai hana a yi shi da abin da sauti ke ratsawa? Suka ɗauki wata roba mai haske kamar gilashi, irin wadda ake yin idon roba da ita ga waɗanda aka cire wa yanar ido. Ita ma labarinta abin ji ne: likitan ido Harold Ridley ya lura cewa matuƙan jiragen yaƙi da ɓarɓashin wannan roba ya shige musu ido, jikinsu bai ƙi ta ba, shi ne ya ƙera idon farko da ita a 1949. In an yi facin kai da ita, baligi ya samu sabuwar maɗiga ke nan. Maimakon a tura shi sikaner duk lokacin da kai ya sara, sai a ɗora eko bisa facin. A 2024 masana a Kaliforniya suka ba da labarin wani mutum mai irin wannan faci, inda suka riƙa kallon sassan ƙwaƙwalwarsa na aiki yana kaɗa gita. Wasu a jami'ar Riverside suna gwada irin tangaran ɗin da ake yin haƙoran sawa da shi.

Facin da kamfanoni ke sayarwa yana da tsada, kuma simintin ƙashi da likitoci a ƙasashe irin namu ke murzawa da hannu, ko da yake danginsu ɗaya, ana gauraya shi da wani gari kuma yana kama kumfa, abin da ke dushe hoto. To wannan ai tambaya ce ta masu kimiyyar haɗe-haɗe, ba ta bukatar miliyar. Muna da sashen kimiyya da na likitanci a jami'ar Abdu Mumuni, muna da su a jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi da ta André Salifou a Damagaram. Ɗalibi nawa ne ke neman abin da zai rubuta a kundin ƙarshen karatu?

Na san abin da likitoci za su ce, kuma suna da gaskiya. Eko ba ta maye gurbin sikaner. Baligin da ya faɗo daga babur ya suma, kansa a rufe, sikaner yake bukata cikin gaggawa, kuma kowace jaha ta cancanci nata mai aiki. Ana iya duba jijiyar bayan ido da eko a samu alamar matsi ya hau a cikin kai, wannan na taimaka wa likitan da ke nesa ya yanke shawarar tura mutum, amma ba ya nuna inda jinin yake. Bugu da ƙari, hoton eko ba kowa ke karanta shi ba. Hoton sikaner in an ɗauka an ɗauka, ana iya aika shi Yamai wani ya duba. Na eko kuwa ya danganta da hannun da ya riƙe, ya karkata kaɗan ka ga abin da babu, ko ka rasa abin da ke akwai. Mun kuma ga yadda wasu masu kilinik suka maida eko hanyar cin kasuwa, kowane ciwon ciki a ce sai an biya jikka kaza an duba. Na'ura mai araha a hannun wanda bai iya ba, ƙarya mai araha take sayarwa.

Shi ya sa na ce na'urar da hannun da zai riƙe ta. Wani bincike da aka buga a 2011, wanda ya duba kayan asibiti sama da dubu 100 a ƙasashe 16 masu tasowa, ya tarar kusan kashi 40 cikin 100 ba su aiki, kuma manyan dalilan su ne rashin horo da rashin tsarin gyara. Ba sai mun je ƙasashe 16 ba, kowa ya taɓa ganin inji lulluɓe da zane a kusurwar wani ɗaki, an ce ana jiran wani ƙarfe daga waje tun bara waccan. Sayen inji yana da biki, yana da hoto, wani lokacin yana da kamasho. Tura ungozoma ko majo kwas na wata uku ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan, shi ya sa ba a rububinsa.

Abin da nake roƙon ma'aikatar kiwon lafiya da masu duba kasafi ba shi da yawa. Duk kwangilar sayen eko a rubuta a cikinta kuɗin horo da na gyara na shekaru, in babu kada a sa hannu. A tambayi masu fiɗar kai na ƙasar nan, su da kansu, wace na'ura da wane baki suke so a ɗakin aikinsu, kafin wani ɗan kwangila ya zaɓa musu. A tura ma'aikatan jinya daga Maraɗi da Damagaram da Tawa su je Kano su koyo awon yaran emasi, su dawo a ba su rana ɗaya a mako ta wannan aiki kawai, a kuma tanadi ƙwayar maganin, don awo ba magani tsoratar da iyaye ne kawai. Mu kuma na gidajen rediyo, a shirye-shiryenmu na kiwon lafiya, mu riƙa faɗa wa iyaye mata da harshen da suke ji cewa jaririn da hularsa ke matse shi kowane mako, maɗigarsa ta kumbura ta yi tauri, a kai shi likita a wannan makon, tun maɗigar tana buɗe ana iya gani ta cikinta.